Shagon iri a Maradi inda kuɓewa da kuka da goro suke kanta ɗaya

Shekara shida ke nan ina noman garka a gefen Gulbin Maradi, ta wajen hanyar Tibiri, kuma duk tsawon wannan lokaci irin da nake shukawa a hannun mata masu kayan miya na babbar kasuwa nake sayensa, a auna mini da gwangwanin tumatir a ƙulle a leda, babu suna balle kwanan wata. Abin da ya sa na sake hanya bana shi ne kuɓewata ta lalace shekara biyu a jere a kan fili guda: ganye ya huhhuje kamar rariya, wani ya nannaɗe ya ƙanƙance, 'ya'yan da suka fito kuwa ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Wani maƙwabcina a garka ne ya kwatanta mini wani ƙaramin shagon iri da ke bayan kasuwa, na wani dattijo da ya yi aikin malamin gona har ya ajiye, ya ce kayansa da tsada amma bakinsa da bayani. Na je sau huɗu tsakanin watan Fabrairu da watan Oktoba, kuma abin da zan faɗa a nan ya fito ne daga waɗannan zuwa huɗu da kuma abin da ya tsiro a ƙasata.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da kantoci biyar na katako a jikin bango, da tebur a bakin ƙofa inda wani saurayi yake karɓar kuɗi. Abin da ya fara ɗauke mini hankali shi ne tsarin jeren kayan, domin ba bisa farashi aka jera su ba, ba kuma bisa lokacin shuka ba, kamar yadda sauran masu sayar da iri suke ware na damina da na rani. Dattijon ya jera su ne bisa dangantakar da masana ilimin tsirrai suka tabbatar a tsakaninsu, kuma a saman kowace kanta ya manna kwali mai ɗauke da sunan Latin da babban baƙi, a ƙarƙashinsa sunayen Hausa da na Faransanci. Ya kuma samo wa matakan rabon sunaye daga maganar gida, waɗanda na ga sun fi zama a kai fiye da na littafi: babban rukuni ya kira shi zuriya, abin da ke ƙarƙashinsa dangi, sai gida, sai kuma nau'in shuka ita kanta, wadda take kamar mutum guda a cikin gidan. Sunan Latin mai kalma biyu da ake gani a jikin fakiti, in ji shi, kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuma sunan yanka, tsarin da ya kafu tun da Karl Linniyus, masanin ƙasar Suwidin, ya fitar da babban littafinsa na tsirrai a 1753.

Kantar da ta shafe ni ita ce ta tsakiya, wadda aka rubuta wa Malvales. A kanta akwai fakitocin kuɓewa iri uku, da yakuwa ja da fara, da rama, da lalo, wanda a nan muka fi kira malohiya, sai ƙwallayen kuka a cikin kwalba. A ƙarshen kantar kuma ya ajiye abubuwa uku waɗanda ba na sayarwa ba ne: ƙoƙo da goro biyu a ciki, da curin auduga, da tsohon gwangwanin garin koko irin wanda ake yin cakulan da shi. Na tsaya ina kallo, na ce, "Baba, kuɓewa da yakuwa na yarda, amma mene ne haɗin goro da miyar kuka?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba kai kaɗai ba ne, duk wanda ya shigo nan sai ya yi wannan tambaya, shi ya sa ma na ajiye goron."

Amsar da ya ba ni ita ce in koma in dubi fure, tun da ganye da tsawon itace suna ruɗi, amma fure ba ya ɓoye asali. Da na yi shuka a watan Maris, wajen mako bakwai bayan haka kuɓewar ta fara fure, na tsinko ɗaya da sassafe na buɗe shi a tafin hannuna. Kunnuwansa biyar ne, rawaya mai haske, da tabo ja mai duhu a can ƙasan kowane, a tsakiya kuma akwai wani ɗan sanda tsaye wanda zarurrukan da ke ɗauke da garin fure suka haɗu suka manne suka yi shi, suka kewaye sashen mace na furen kamar kube da wuƙa. Kafin la'asar sauran furannin da suka buɗe tare da shi duk sun yanƙwane, domin kwana ɗaya rak suke yi. Furen rama da na yakuwa da na auduga duk wannan gini ne da su, har wanda bai saba ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kuka: da damina ta faɗi na je ƙarƙashin wata da ke kusa da garkata da magariba, na ga fararen furanninta suna reto a dogon tsinke, suna buɗewa da dare domin jemagu ne ke kai musu garin fure, kuma a tsakiyar kowane ga wannan sanda, sai dai nata kauri gare shi, a kansa zarurrukan sun baje kamar tuntu. Itacen da mutum goma ba za su iya rungumarsa ba, da shukar da ba ta wuce ƙirjin mutum ba, ginin furensu ɗaya. Gani ya kori ji.

Goro da malohiya kam furensu bai nuna wannan kama a fili ba, kuma a nan ne tarihin rabon ya shigo. Har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce, littattafai, ciki har da tsarin da Arthur Cronquist na Amurka ya fitar a 1981, suna raba waɗannan tsirrai dangi huɗu: kuɓewa da rama da yakuwa da auduga a Malvaceae, kuka da rimi da gurjiya a Bombacaceae, goro da koko da kukuki a Sterculiaceae, malohiya da dargaza kuma a Tiliaceae. Da aka fara gwada ƙwayoyin gado na tsirrai a ɗakunan bincike, sai aka ga iyakokin da aka shata tsakanin dangogin huɗu ba su bi asali ba, aka haɗe su duka a dangi ɗaya babba mai suna Malvaceae, wanda nau'o'insa sun haura 4000. Ƙungiyar masanan da ke tsara rabon tsirrai masu fure, wadda ake taƙaita sunanta da APG, ta fitar da tsarinta na farko a 1998, ta sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016, kuma a na ƙarshen an ƙidaya zuriya 64 da dangi 416. Zuriyar Malvales tana da dangi goma da nau'i kusan 6000, wato dangin kuɓewa shi kaɗai ya cinye fiye da rabinta. A cikin sauran tara akwai dangin rawaya ko balagande, wadda saiwarta ke rina abinci, akwai kuma dangin itacen udu na ƙasashen Asiya, wanda alhazai suke dawowa da turarensa daga Makka. Goron da fataken Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja ɗaukowa, sunansa Cola nitida, ashe ɗan uwan kukar da suke yada zango a inuwarta ne.

Duk wannan dattijon ya san shi, kuma a bangon shagon akwai wani tsohon zane na Faransanci tun na zamanin karatunsa, mai nuna dangogin huɗu a rarrabe, wanda ya bi da biro ja ya kewaye su da da'ira ɗaya. Ya ba ni labarin sunan kuka, Adansonia digitata, cewa an sa shi ne don tunawa da Mishel Adanson, Bafaranshen da ya ga itacen a Senegal a 1749 ya kwatanta shi, kuma gidan nan nau'i takwas ne da shi, shida a tsibirin Madagaska, ɗaya a Ostireliya, ɗaya kuma namu. Ina ganin mutumin da ya zo sayen iri na dala 100 ya fita da wannan bai yi asarar tafiya ba, ko da yake dole in ce bayanin yana cin lokaci: ranar zuwana na biyu wata hajiya da ta zo sayen irin salati ta jira har ta gaji, ta ce, "Malam, a sallame ni tukuna, tukunyata na kan wuta," sannan ya ankara.

Alamar zuriyar da ta fi kusa da mu ita ce wadda kowace mace mai girki ta sani ba tare da an koya mata ba, wato yauƙi. Kuɓewa ɗanya ko busassa, garin kuka, malohiya, ɓawon dargaza, ƙoƙon furen gurjiya, duk suna ɗauke da wannan santsi a jikinsu, saboda tsirran wannan dangi suna da wasu ƙananan ramuka a cikin ganye da ɓawo da 'ya'ya inda suke tara shi. Alama ta biyu ita ce ɓawo mai zare: da rama muke tufka igiya, da ɓawon kuka ma haka, kuma buhun algarara da ake zuba gyaɗa a ciki da zaren wata malohiya ake saƙa shi, wadda ake nomawa da yawa a Indiya da Bangaladash. Idan mutum ya dubi abin da ke sauka a kan tuwon gero a gidajen Maradi daga Asabar zuwa Juma'a, kuɓewa yau, kuka gobe, yakuwa jibi, da daudawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa a cikin tukunyar, da bisap mai sanyi, wato zoɓon da ake yi da yakuwa, bayan abinci, da goro a aljihun maigida, zai ga cewa dangi guda ne yake riƙe da rabin miyarmu. Ko jan abin da ake jiƙawa a yi bisap ba kunnuwan fure ba ne kamar yadda na daɗe ina zato, ƙoƙon da ke riƙe da furen ne yake kumbura ya yi nama bayan furen ya faɗi.

A nan ne kuma na kama kuskuren da ya fi girma a shagon. A kan wannan kanta, tsakanin malohiya da rama, an ajiye fakitocin yoɗo, wanda wasu ke kira karkashi. Gaskiya ne yoɗo yana da yauƙi, har ya fi na kuka, amma kama da wane ba ta wane: shi ɗan uwan riɗi ne, danginsu Pedaliaceae, a wata zuriya dabam mai suna Lamiales, kuma furensa ma ya isa shaida, tun da bututu ne mai leɓe kamar na riɗi, ba shi da kunnuwa biyar a baje, ba shi da sandan tsakiya. Wani ƙanena da ke karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ya fara nuna mini wannan, da na kai masa fakitin. Da na koma na faɗa wa dattijon, bai yi musu ba, ya ce yaron shago ne ya mayar da su can saboda masu saye a nan suke nemansu, tare da kayan miyar yauƙi. Uzurin ciniki ne, na kuma fahimce shi, amma shagon da ya ɗora sunansa a kan cewa kowace kanta zuriya ɗaya ce bai kamata ya bar bare a tsakiyar dangi ba, ko da ɗan kwali ne sai a manna a ce wannan baƙo ne.

Amfanin tsarin ga manomi kuwa, wanda shi ne ainihin abin da ya kai ni, na gan shi tun ranar farko. Ya tambaye ni abin da na shuka a filin shekara uku baya, na lissafa masa: kuɓewa, sai yakuwa, sai rama a gefe, sai kuɓewa kuma. Ni a ganina ina juya shuka ke nan. Ya girgiza kai ya nuna mini kantar ya ce duk abin da na ambata a jere suke a kan katako ɗaya, don haka a wurin ƙwaro ban canja komai ba, tuwon jiya ne aka sake masa kwano. Ƙananan ƙwarin nan masu tsalle kamar ƙuma da ke huda ganyen kuɓewa su ne ke cin yakuwa da rama, farin ƙudan da ke laɓewa a ƙarƙashin ganye shi ke ɗaukar cutar nannaɗewa daga wannan shuka zuwa waccan, jan ƙwaron da ke ɓata auduga kuma yana tsotson 'ya'yan kuɓewa. Shawararsa ita ce in ɗauke dangin gaba ɗaya daga wannan fili har shekara biyu, in sa albasa da rani, gero ko dawa da damina, kuɓewar kuma in kai ta can ɗaya gefen garkar. Ya kuma yi mini adalcin gargaɗi cewa sanin dangi ba ya maganin komai, domin tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, tana kama kuɓewa tana kama tumatir, alhali ba zuriyarsu ɗaya ba, saboda haka kada in bi kuɓewa da tumatir ina zaton na tsira. Bai nemi ya sayar mini da maganin feshi ba, ko da yake akwai shi a shagon, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Game da irin kansa, na gwada shi kafin shuka ta hanyar da na saba, ƙwaya 20 a cikin jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. Na kuɓewa 18 suka tsaga cikin kwana biyar, na yakuwa 17, wanda ya fi abin da nake samu a irin gwangwani nesa ba kusa ba. A sabon filin kuɓewar ta tashi bai ɗaya, tsayi ɗaya, na fara tsinka wajen wata biyu bayan shuka, kuma ko da ƙwarin tsallen sun zo, ba su yi ɓarnar bara ba. Ba zan iya rantsewa cewa irin ne ya yi aikin ko canjin filin ba, tun da duka biyun na yi su lokaci guda. Ya kuma gaya mini tun kafin in biya cewa yakuwar da na shuka a bazara ganye kawai za ta ba ni, don ba ta yin fure sai yini ya fara gajarta bayan damina, kuma haka aka yi, sai a watan Oktoba na ga ƙoƙunanta sun fara ja. Farashi kam akwai shi: ƙaramin fakitin kuɓewa dala 100, wato sefa 500, alhali a kasuwa da rabin wannan kuɗi za a cika maka gwangwani. Ga mai garka irina, wanda abin da yake bukata bai wuce fakiti uku ko huɗu ba, bambancin bai kai a yi dogon tunani ba, amma mai shuka babbar gona ta damina zai ji a aljihunsa.

Malohiya ce ta ba ni haushi. Na yafa fakiti biyu a kwami, na yi ta ban ruwa kwana goma sha biyu, abin da ya fito bai fi a ƙirga da yatsu ba. Da na koma da ƙorafi, sai a lokacin aka gaya mini cewa ƙwayar malohiya tana da taurin ɓawo, sai an ƙulle ta a ƙyalle an tsoma a tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙu, an shanya, sannan take tsira da kyau. Na yi hakan da fakiti na uku, ta fito kamar gashin kai. Wannan bayani layi ɗaya ne, da an rubuta shi a jikin fakiti da ban yi asarar kuɗi da ruwa da mako biyu ba, kuma ranar da na saya dattijon ba ya nan, saurayin ne ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Ƙwallayen kuka ma haka suke, sai an kankare ɓawon ko an jiƙa su sosai, amma wannan na riga na sani.

Matsalar saurayin ita ce babbar ɓarakar shagon, domin duk ilimin a kan mutum ɗaya yake. A cikin fakitocin kuɓewa akwai masu ɗauke da Abelmoschus esculentus, akwai kuma tsofaffin bugu masu ɗauke da Hibiscus esculentus, da na tambaye shi sai ya ce mini iri biyu ne dabam, ɗaya ya fi ɗaya yauƙi. Ba haka ba ne: shuka ɗaya ce, Linniyus ne ya fara sa ta a gidan su rama da yakuwa, daga baya a 1794 wani Bajamushe mai suna Konrad Moench ya mayar da ita gidan Abelmoschus, sunan da asalinsa Larabci ne, daga kalmar almiski. Wanda bai sani ba zai sayi biyun yana zaton ya haɗa iri biyu. Haka kuma fakitocin da suke ƙullawa da kansu a shagon, na yakuwa da rama da malohiya, babu ranar girbi ko ranar ƙullawa a jikinsu, alhali a zafin Maradi, ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, iri yana mutuwa a kan kanta tun bai kai ga ƙasa ba.

Sauran kantocin ban saya daga cikinsu ba, sai kallo: ta wake da gyaɗa da gujiya, ta kabewa da kankana da duma, ta tumatir da tattasai da tonka da yalo, sai ta ƙarshe inda zogale yake zaune kusa da kabeji, haɗin da shi ma gaskiya ne ko da yake ido ba ya yarda da shi da farko. Wanda zai je, ya je da hantsi ranar da ba ta Juma'a ba, lokacin da dattijon yake zaune kuma kasuwa ba ta cika ba, ya tafi da lissafin abin da ya shuka a filinsa shekara uku baya, ya kuma tambayi yadda ake tayar da kowane iri kafin ya bar bakin ƙofa. A zuwana na ƙarshe na sayi ƙwallayen kuka hamsin, waɗanda zan shuka a matse a kwami ɗaya in riƙa yankar ganyensu ɗanye kamar alayyafo, bisa shawararsa. Na tarar an fara rubuta wata da shekara da biro a bayan sababbin fakitoci, amma yoɗo yana nan inda na bar shi, tsakanin malohiya da rama.